Igiyar Da Ba Ta Tsinke Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Wannan takarda ta fito daga hannun Mamman kafinta, wanda mutanen Kusada har yau ba su daina ce wa Mamman Mai Lilo ba, zuwa ga ɗana Idirisu, a Ikko ko duk inda ta riske shi. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa ka sauka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na ruwa da na mutum, Ya haɗa ka da maigida mai tausayi, Ya sa abincin garin ya karɓe ka.

Ka ga na rubuta sunanka. Tun ranar da aka raɗa maka shi ban taɓa furta shi da bakina ba, kai ma ka sani, don kai ne ɗan farina. Daga "kai yaro" sai "ina wannan yake". Ashe alƙalami ya fi harshe ƙarfin hali.

Ba labarin gari zan ba ka ba. Mai fataucin shanun da zai miƙa maka takardar nan ya fi ni baki, ka tambaye shi wanda ya mutu da wanda ya haihu. Magana ɗaya ce ta sa na zauna rubutu, ita ce aikin da ka karɓa. A ƙarshenta kuma akwai abin da na ɓoye maka tun kana ƙarami, wanda in ka karanta yana iya sa ka ƙi sake taka Kusada. Na auna abin, na juya shi, na ga gara in rasa ka da a wayi gari ɗan wani ya mutu a hannunka.

Ranar da ka zo sallama ba ni ka gaya wa aikin ba. Tanko maƙeri ka gaya wa, a zaurena, da ƙarfi yadda zan ji, ni kuma na duƙufa ina fere ƙotar fartanya kamar kurma. Ka ce maigidanka na Kano, wanda ya koya maka gyaran inji, ya haɗa kai da waɗansu Turawa sun kawo kayan wasa ta jirgin ruwa. A ciki akwai wani ɗan jirgin ƙasa mai buɗaɗɗun taragu, yana hawa gadar katako mai tsayin rimi, sa'an nan ya sulalo ƙasa a guje, ya karkata, ya sake hawa, mutane na ciki suna ihu, kuma wai biya suke yi a yi musu haka. Tanko ya ce mene ne naka aikin a ciki. Ka yi dariya ka ce:

"Ai Baba Tanko, wanda ya hi kowane sauƙi suka ba ni. Saboda ƙahwata ba ni hawa sama. Mutane su zauna, in sauke masu ƙarhe bisa cinya, in ja masu ɗamara, in ɗaga hannu, shi ke nan."

Dariyar nan ta hana ni sukuni tun da ka tafi. Shi ke nan, in ji ka! Yaro, wanda ya hau saman gadar da guduma ransa kaɗai ya ɗauka. Kai da ke tsaye a ƙasa, rayukan duk waɗanda suka zauna ne a hannunka, kuma kai ne mutum na ƙarshe da zai taɓa su kafin abin ya tashi. Ban taɓa ganin jirgin naku ba, ba kuma na sa ran gani. Amma na ɗaure mutane a kan abin da ke kai su sama ya dawo da su, na kuma yi kuskure iri iri. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle kai da aka ce ma ba ka hawa.

Shekarar da sojoji suka fara dawowa daga yaƙin Turawa na je cin rani Kano, na ga wani lilo a Sabon Gari. Ba irin namu na igiya a reshen tsamiya ba. Ginshiƙai biyu ne da ƙarfe a tsakaninsu, da akwatuna huɗu a rataye, yana juyawa kamar ƙafar keke, na ƙasa ya tashi sama, na sama ya sauko. Na tsaya ina kallo har na manta da abin da ya kai ni. Da na dawo gida na sami Tanko, ya samo ƙarfen wata matacciyar mota a gefen hanyar Kankiya, na sari azarar giginya, na haɗa akwatunan da katakon da ake zubo gwangwanayen kananzir a ciki. Ranar da ya fara juyawa har tsofaffi sun fito. Muna kafa shi a Kusada da salla, mu kwance mu aza wa jakai mu kai Kankiya in an sayar da gyaɗa, mu kai Boko, mu kai Kaikai. Tanko na juyawa, ni ina zaunar da mutane. Kaina ya kumbura ƙwarai a lokacin, ina jin ko Baturen da ya ƙera jirgi bai fi ni ba.

Kuskurena na fari, ban sa wa akwatunan komai ba. Sai dai in ce, "Ku riƙe da kyau." A ganina duk mai hankali in ya ga ƙasa ta yi masa nisa zai riƙe. A kasuwar Kankiya wani ɗan kokawa daga Boko, ana ce masa Bawa, ya shiga. Na ce ya riƙe, sai ya dube ni a wulaƙance ya ce, "Mi za ni riƙewa? Ni da ke kada maza, itace za shi kada ni?" 'Yan mata masu fura na kallo. Da aka kai shi sama ya miƙe tsaye yana kirari. Ana sake zagayowa jiri ya ɗebe shi. Na ga ya kai hannu ya kama katakon, wallahi ya kama, amma yatsun suka buɗe da kansu kamar na mai barci. Allah Ya taimake ni akwai tulin ɓawon gyaɗa a wurin, a ciki ya faɗa da ka. Haƙoransa na gaba kawai ya bari a kasuwa, ya kuma daina kirari sai da hannu a baki.

Mutane sun yi dariya, ni ma na yi. Amma ka riƙe wannan: hannu ba maɗauri ba ne. Jiri na buɗe shi, tsoro na buɗe shi, gumi na sa shi santsi. In a jirginku akwai sandar da aka sa don a kama, to don kwanciyar rai aka sa ta, kada ka lissafa ta cikin abin da zai hana mutum faɗuwa. Ka ɗaure kowa kamar ka san zai suma a sama. Mai cika baki kuwa shi za ka fi dubawa, musamman in akwai mata a wurin.

Daga nan na koma igiya. Na sayi ta kaba don ta fi araha, ina zagaya ƙugun mutum in yi masa zarge, irin wanda muke wa jaki, don ya fi saurin kwancewa in za a sauka. Wata rana wani mahauci mai tumbi ya hau. Duk zagayen da aka yi, nauyinsa ya ja igiyar, zargen ya ƙara shaƙe cikinsa. Sauran suna ta ihu, shi shiru. Na ce wa Tanko, "Ka ga namiji, ko uffan." Ashe numfashin da zai yi ihun ne babu. Da muka tsayar da lilon, idanunsa sun firfito sun yi ja, sai da wuƙarsa ta fawa muka yanke igiyar. Da ya farfaɗo ya bi ni da wuƙar har bakin masallaci, kuma ban ga laifinsa ba.

Saboda haka maɗaurin kirki shi ne wanda ba ya ƙara matsewa da kansa, ba ya kuma sassautawa da kansa. Inda ka bar shi nan za ka same shi. In ka ja wa mutum ɗamarar fatar nan da ka ce, ka sa tafin hannunka tsakaninta da cikinsa. In hannun ya ƙi shiga ka matse da yawa, in dunƙule ya shiga ba ka yi komai ba. In jirgin ya dawo kuma ka dubi fuskoki. Masu ihu lafiyarsu lau, wanda ya yi shiru shi za ka je wa.

Igiyar nan ta sake koya mini karatu. Da damina ta faɗi na naɗe igiyoyin na jefa ƙarƙashin rumbu. Da kaka na ɗauko, a ido ba abin da ya same su. Ina cikin ɗaurawa a jikin akwati na ɗan ja ɗaya don in daidaita ta, sai ta rabu biyu a hannuna, gari na zuba. Gara ta cinye cikin ta bar mini bayan. Ba wayona ne ya sa na ja ba, Allah ne Ya rufa asiri. Tun daga ranar kowace safiya kafin kowa ya hau sai na taka akwati na ja kowace igiya da iyakar ƙarfina. Kai ma ka yi haka. An ce iskar teku na cin ƙarfe a garin nan kamar yadda gara ke cin kaba. Ka duba hudar fata inda harshen ƙarfe ke shiga, nan take fara yagewa. In ka sami kujerar da ba ka yarda da ita ba, ka bar ta ta tafi ba kowa. Maigida zai yi faɗa don ya ga layi ya yi tsawo. Bar shi ya yi. In ya kore ka, gonarmu ta hanyar Ƙofa tana nan, ba ta taɓa korar kowa ba.

Da na gaji da igiya sai na yi wa kowane akwati sakata, wato katako mai kauri da ake saukewa a kan cinya, a soke shi da turken ƙarfe a gefe. Ina jin ita ce 'yar'uwar ƙarfen da ka ce kuna saukewa. Ta fi igiya nesa ba kusa ba, amma ita ma ta kusa kai ni gidan yari. Wani babban malamin En'e ya zo rangadin auduga, ya ga lilo, ya ce sai ya ɗana. Ga babbar riga ta sha bugu, ga rawani. Na sauke masa sakata, ta zauna a kan tulin riga, turken ya shiga rabi. Na gani sarai. Abin da ya kamata in yi shi ne in tattare rigar in danna katakon har ya taɓa cinya. To wa ya isa ya cusa hannu cikin rigar babban mutum? Sai na ce, "Ranka ya daɗe, ta zauna?" Ya ce ta zauna. Yana kaiwa sama turken ya fice, sakata ta yi sama. Ya rungume gefen akwatin yana kiran innarsa, rawani ya warware, jelarsa ta sauko tana neman naɗewa a ƙarfen tsakiya. Da ta kama, da wuyansa za ta tafi. Tanko ne ya yi ta maza ya tare lilon da ƙirjinsa. Dogarin da ke tare da malamin ya zane ni a gaban jama'a, na kuma ci bulalar ina godiya ga Allah.

Kada ka tambayi mutum ko maɗauri ya zauna. Bai sani ba, kuma ko ya sani girman kai ba zai bar shi ya faɗa ba. Hannunka za ka tambaya. Ka danna, ka ji ya kama, ka ja sama ka ga ya ƙi tasowa. Riga ba jiki ba ce. Rawani, mayafi, hannun riga, duk abin da ke lilo a jikin mutum a tattare shi a cusa. A Ikko za ka ga manya iri iri, da Turawa da matansu, da akawuna masu igiya a wuya. Ka ce gafara, ka yi sallama in ta kama, sa'an nan ka sa hannu ka ja. In mace ce ka ce ta ja da kanta da ƙarfi kana kallo, in ba ka gamsu ba ta sake. Wanda ya ƙi ya sauka. Mai maye ya sauka, mai ciki ta sauka, tsohon da ke dafe ƙirji ya sauka. Zagi ba ya fito da ƙari a jiki.

Akwai aibin sakata da ni ban gani ba, mahaifiyarka ce ta gani, Allah Ya jiƙanta, ita da ba ta taɓa ganin lilon yana juyawa ba sai dai a kwance a tsakar gida. Akwati ɗaya mutum biyu yake ɗauka, sakata kuwa ɗaya ce. Ta ce, "Malam, in babba da ƙarami suka zauna, bisa cinyar wa katakon za shi tsaya?" Na ce ta babban. Ta ce, "To ƙaramin hwa? Ta ƙasa za shi zurare. Yaro ba ga ƙugu ake riƙe shi ba, ba shi da ƙugun. Dubi goyo." Na yi fushi a ranar don ba na son a gyara mini aiki, amma da gari ya waye na yi abin da ta ce. Na sami igiyar rama mai kauri, ta naɗe mini ita da tsumma don kada ta ci fata, na kafa a bayan kowane akwati. In yaro ya zauna sai a ɗauko ta ta kafaɗunsa biyu, a gicciya a ƙirji, a ƙulle a baya inda hannunsa ba ya kaiwa. Muna ce mata igiyar yara. Daga ranar ba yaron da na ɗaura wa ita da ya ko gurɗe, kuma na kafa wa kaina doka, lilo ba ya motsi sai na bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya na ja da hannuna.

Idan ƙarfenku ɗaya ne ga mutum biyu, kada ka haɗa babba da ƙarami, ko uwa ce da ɗanta, ko ta yi kuka ta ce za ta riƙe shi. Ka yi zane a jikin ginshiƙi, yaron da kansa bai kai zanen ba ya dawo baɗi.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ka san tun da aka yaye ka yayata, Goggonka, ta ɗauke ka ta tafi da kai Ƙofa, kamar yadda ake yi da ɗan fari. Ka san kana shekara bakwai ta kawo ka Kusada yawon salla, ka hau lilona, ka faɗo, ƙugunka ya karye, shi ne ɗingishin da kake yi har yau. Ka san abin da kowa ya sani, cewa igiya ce ta tsinke. Idirisu, igiyar ba ta tsinke ba. Ba a ɗaura ta ba.

Da hantsi ne, filin ya cika. Na hango ka riƙe da zanen Goggo, da sabuwar 'yar shara da ta yi maka yawa, kana kallon lilon baki buɗe. Na so in ɗauke ka a ranar kamar raina zai fita, sai na juya baya na shiga gyaran abin da bai lalace ba. Tanko ne ya ɗaga ka ya sa a akwati kusa da wani ƙaton saurayi, ya sauke sakata ya soke turke, ya koma wurin juyawa. Igiyar yara ba aikinsa ba ce, aikina ce, ya san ina zuwa. Na bi akwatin farko na ja, na biyu na ja, na uku na ja. Na nufo naka. Sai wata daga cikin matan da ke tsaye, abokiyar wasana ce, ta ɗaga murya:

"Jama'a ku taho ku ga ikon Allah! Yau Mamman za shi rungume ɗan hwari gaban mutane!"

Aka fashe da dariya, har da guɗa. Don ba a ɗaura igiyar nan sai ka sunkuya ka zagaya yaro da hannu biyu, fuskarka kusa da tasa. Goggonka ta ce, tana kare ni a ganinta, "Ku ƙyale mani ƙane, shi ba marar kunya ba ne."

Taku biyu ya rage tsakanina da kai. Na ga igiyar tana reto a bayan akwatin. Na ga sakatar a kan cinyar saurayin, na ga sararin da ke tsakaninta da taka cinyar, kyanwa ma ta wuce. Ka ɗago kai ka dube ni kana murmushi. Ni kuwa na kau da kai, na wuce kamar akwatin ba kowa, na ɗaga wa Tanko hannu. A raina na ce zagaye kaɗan ne, na ce saurayin zai riƙe ka, na ce Allah na nan. Duk abin da na hana wasu faɗa, na faɗa wa kaina a taku biyun nan.

Ban ga zurarewarka ba, ƙarar na ji. Ko a nan ban ruga ba. Na tsaya inda nake kamar an kafa ni, Tanko ne ya ture mutane ya ɗauke ka ya yi gidan maɗori da gudu. Wani ya tambaya me ya faru, wani ya ce igiya ce ta tsinke, maganar ta bi gari, ni kuma na yi shiru. Abin da ya fi ci mini rai, yabona aka yi. Dattawa suka riƙa cewa Mamman ya cika mai kara, ɗansa ya faɗo ko gezau bai yi ba. Na karɓi yabon nan na haɗiye, yana nan a maƙogwarona har yau.

Tanko ya sani, don shi ya kwance lilon ya ga igiyar lafiyarta lau. Bai taɓa ce mini komai ba, sai dai bai sake juya mini lilo ba, ni ma ban sake kafa shi ba. Mahaifiyarka ma ɗan farinta ne kai, ba ta da damar kuka a gaban mutane, sai ta shiga bayan rumbu. Sau ɗaya ta tambaye ni, tana tankaɗe, ba ta ko dube ni ba.

"Malam, wa ya ɗaura ma yaron nan igiya?"

Na ce, "Abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa."

Ta ce, "Na san Allah Ya ƙaddara. Wa ya ɗaura, na ce."

Na tashi na fita. Ba ta sake tambaya ba har ta koma ga Mahaliccinta, kuma ita ce ta naɗe igiyar da hannunta, ta san ba mai tsinkewa ba ce.

Ban ce kunya mugun abu ba ce. Da ita aka raine mu, da ita gida ke zama gida. Amma akwai wurin da ba ta da hurumi, ni kuwa na kai ta can. Kai ma jinina ne, na ga yadda kake sunkuyar da kai in babba na magana, na ga yadda dariyar mutane ke sa ka janye hannu. Shi ya sa hankalina ya tashi. Wata rana za ka zo kan wata kujera, wani abu ya ce maka wuce: ko mai kujerar ya fi ƙarfinka, ko yarinya ce da abokanka ke tsokanarka da ita, ko ana kallo, ko maigida na daka tsawa. Ranar ka tuna da ƙafarka. Na gaya maka ne don ka san abin da ya karya ta, don in kana zaton igiya ce, igiya kaɗai za ka riƙa dubawa.

Gidan ya yi mini girma yanzu. Goggonka ta rasu, mahaifiyarka ta rasu, ƙannenka mata suna ɗakunansu a garuruwan mutane. In na idar da sallar magariba ni kaɗai nake cin tuwon da maƙwabta suka aiko, ba mai cewa in ƙara. Dā ko ba ma magana, in ka zo daga Kano ina jin takunka a zaure, ɗaya mai nauyi ɗaya mai sauƙi, in san kana nan. Ina kewarka, ban kuma taɓa gaya maka ba. Ranar da za ka tafi na ce ina da aiki, na bar Tanko ya raka ka. Ƙarya ce. Na bi bayanku har Kankiya, na tsaya bayan rumfar masu gishiri, na ga ka ɗaga akwatinka da kyar ka miƙa saman mota, ƙafar tana rawa, ban fito ba. Har a ranar ban fito ba.

Ban ce ka yafe mini ba, wannan tsakaninka ne da zuciyarka, kuma in ka ƙi ba wanda zai ga laifinka, ni ne farko. Ba sai ka ba da amsa ba. Amma ka sani duk ranar kasuwar Kankiya ina zuwa in tsaya inda motar Kano ke sauke mutane, a fili, ba bayan rumfa ba. In Allah Ya sa wata rana ka sauko, zan kira sunanka da ƙarfi, in karɓi kayanka in aza a kaina, in kama hannunka mu ratsa kasuwa, mai dariya ya yi. In ba ka sauko ba, in dawo kasuwa ta gaba.

Allah Ya tsare ka, Ya tsare duk wanda zai zauna a gabanka ya miƙa maka ransa bai san sunanka ba. Allah Ya sa kowa ya hau lafiya ya sauka lafiya. Allah Ya ƙarfafa hannunka a inda nawa ya mutu, Ya yi maka albarka duniya da lahira, amin.

Wassalam. Ni ne mahaifinka, Mamman.